Allon Arduino ya samu sabon maigida

Allon Arduino na farko da na riƙe kwafi ne daga Sin, wani abokina ya zo da shi daga Kano. Da shi muka haɗa ƴar na'urar da ke kunna famfon lambu in ƙasa ta bushe. Kwafi ne, amma wallahi ba sata ba ce: masu abin ne suka saki zanen, suka ce kowa ya ƙera.

Labarin ya faro a 2005, a wata makaranta ta garin Ivrea, arewacin Italiya. Massimo Banzi da abokansa huɗu suna neman allo mai arha don ɗalibai, sai suka ɗora a kan Wiring, aikin wani ɗalibi ɗan Kolombiya, Hernando Barragán. Zane da manhaja suka bar su a buɗe, suna kaɗai suka riƙe. Kuma a kan sunan nan ne suka yi rigima har kotu, abin da ya sa a 2015 aka riƙa sayar da allon da sunan Genuino a wajen Amurka.

A watan Oktoba na 2025, Qualcomm, babban kamfanin Amurka mai ƙera ƙwaƙwalwar wayoyi, ya sanar da sayen Arduino, da alƙawarin komai zai ci gaba a buɗe. To, Allah ya sa. Amma an taɓa gani. MakerBot ya taso a 2009 daga zanen kyauta na RepRap, a 2012 ya rufe zanen sabon injinsa, a 2013 Stratasys ya saye shi. Manhajar Eagle ta zana alluna, Autodesk ya saye ta a 2016, shekara ta zagayo ta koma biyan haya.

Tsohon zanen Uno ba mai iya ƙwace shi. Tsorona sababbin alluna ne. UNO Q da aka fitar ran sanarwar yana ɗauke da ƙwaƙwalwar Qualcomm, ba irin ATmega328P da ɗalibi ke cirewa da hannu ya sake wata ba. In gobe aka ce sai da rajista da katin banki, mu da ke ƙirga megas kafin mu shiga intanet, ina muka nufa?

Shawarata, ƴan'uwa: mu sauke zane da manhaja yanzu, mu raba a kile. Mu koyi KiCad, kyauta ce. Mu koyi tuƙa ATmega ita kaɗai, ba tare da allon ba.