Kwando da Kashi: Tarihin Auna Tsadar Rayuwa daga Kasuwar PK8

A bakin babbar hanyar da ta fita daga Libreville, babban birnin ƙasar Gabon, akwai jerin unguwanni waɗanda ba su da wani suna sai lamba: PK5, PK6, PK8, har zuwa PK12. Haruffan biyu taƙaitawa ce ta kalmomin Faransanci masu nufin alamar kilomita a gefen hanya, saboda haka PK8 na nufin kilomita ta takwas. A nan ne tashar motocin da ke shiga cikin ƙasa take, a nan ne kuma kasuwar da aka fi sani da kasuwar ayaba take. Hanyar ta ratsa Ntoum da Kango da Bifoun, inda ta rabu biyu: wani reshe ya nufi Lambaréné, ɗayan kuma ya bi ta Ndjolé zuwa Oyem da Bitam, har iyakar Kamaru. Ta wannan reshe na arewa ne ake shigo da agada da tumatir da albasa masu yawa, domin Gabon ƙasa ce mai arzikin man fetur da katako, amma mafi yawan abincin da take ci daga waje yake zuwa. A waɗancan garuruwa na arewa ne kuma fatake Hausawa, waɗanda suka biyo ta Adamawa da kudancin Kamaru, suka zauna tun zamanin mulkin mallaka.

Mai saye a irin wannan kasuwa ya san tsada da aljihunsa. Gwamnati kuwa lamba take bukata, lamba guda da za ta faɗa mata yadda kuɗin rayuwa ya motsa daga wannan wata zuwa na gaba. A kan wannan lamba ake ja-in-ja wajen ƙarin albashi, da ita kuma babban banki yake duba lafiyar kuɗin ƙasa. An yi shekara fiye da 300 ana neman hanyar fitar da ita.

Asalin kwando

A shekarar 1707 wani malamin coci a Ingila mai suna William Fleetwood ya wallafa littafin Chronicon Preciosum domin warware wata matsala. Dokar wata kwaleji ta Oxford, wadda aka rubuta tsakanin 1440 da 1460, ta ce duk wanda ke da kuɗin shiga na fam 5 a shekara sai ya sauka daga gurbin da kwalejin ke ciyar da shi. Fleetwood ya binciki tsofaffin takardu, ya kwatanta farashin hatsi da nama da abin sha da tufafi, ya gano cewa abin da fam 5 ke saye a wancan zamani sai an biya fam 28 zuwa 30 a nasa zamanin. Ya nuna cewa manufar dokar ita ce abin da kuɗin zai iya saye, don haka mai fam 6 a 1707 bai karya ta ba.

A 1780, ana tsakiyar yaƙin neman 'yancin Amurka, kuɗin takarda ya lalace har sojoji suka fara ƙorafi. Jihar Massachusetts ta ɗaure bashin da sojojin ke bin ta da farashin kaya huɗu: masara da naman shanu da ulu da fatar takalmi. In farashinsu ya hau, abin da za a biya soja shi ma ya hau. Wannan shi ne kwandon kaya, wato jerin abubuwa ƙayyadaddu da ake bin farashinsu lokaci bayan lokaci.

Saura tambaya guda: wane kaya ya fi wani nauyi a cikin kwandon? A 1857 Ernst Engel, masanin ƙididdiga Bajamushe, ya nazarci kashe-kashen iyalan ma'aikata a Beljiyam, ya lura cewa gwargwadon talaucin gida, gwargwadon girman rabon da abinci ke ci daga kuɗinsa. A 1871 kuma Étienne Laspeyres ya fito da tsarin lissafin da har yau ake gina ma'aunin farashi a kansa: a tsayar da adadin kayan da iyali ke saye a wata shekara da ake kira shekarar tushe, a ba kuɗin kwandon lamba 100, sa'an nan a riƙa duba nawa wannan kwando zai ci a kowane wata.

Wuri da kuɗi

Ƙasar Hausa ta ɗanɗani hauhawar farashi tun kafin a zo mata da wannan lissafi. Kalmar "kuɗi" jam'in "wuri" ce, kuma da wuri ake ciniki a Kano da Katsina da Sakkwato a ƙarni na 19. Sa'ad da matafiyi Heinrich Barth ya shiga Kano a 1851, ya tarar ana canza dalar azurfa guda a kan wuri 2,500. Keso guda kuwa wuri 20,000 ne, kayan da sai ƙaƙƙarfan ɗan dako. Daga tsakiyar ƙarnin 'yan kasuwar Hamburg suka fara jibgo wuri mai araha daga Zanzibar zuwa gaɓar Afirka ta Yamma. Wuri ya yi yawa, darajarsa ta yi ta faɗuwa, har ta kai kuɗin ɗaukarsa zuwa nesa yana cinye wani babban rabo nasa. Babu ofishin da ke rubuta farashi a lokacin. Mudu da tiya da ƙwaƙwalwar masu cefane su ne ma'auni.

Ma'auni ya zama abin faɗa

Yaƙe-yaƙen duniya biyu ne suka mayar da ma'aunin farashi aikin gwamnati. Ingila ta fara nata da farashin watan Yuli 1914 a matsayin tushe. A Najeriya tsadar da Yaƙin Duniya na Biyu ya haddasa ta sa aka ba ma'aikata alawus ɗin tsadar rayuwa a 1942. Da farashi ya ci gaba da tashi, gwamnati kuma ta ƙi ƙari, sai ma'aikata suka shiga yajin aikin gama-gari a watan Yuni 1945, Michael Imoudu yana cikin jagororinsa, aka yi fiye da kwana 40 jiragen ƙasa a tsaye. Kwamitin Tudor Davies da aka naɗa daga baya ya yarda cewa rayuwa ta yi tsada, ya ba da shawarar ƙara alawus ɗin.

A ƙasashen da Faransa ta mallaka, ciki har da Gabon da Nijar, an ƙirƙiro kuɗin sefa a 26 ga Disamba 1945. Dokar ƙwadago ta 15 ga Disamba 1952 ta kafa albashi mafi ƙaranci, wanda ake kira SMIG, kuma ana fitar da shi ne daga lissafin abin da lebura ke bukata don ya rayu: abinci kaza, sabulu kaza, tufafi kaza, kuɗin ɗaki kaza. Wakilan ma'aikata da na masu kamfanoni sukan yi gardama a kan kowane layi na jerin, domin duk abin da aka cire daga kwando an cire shi ne daga albashi.

Ma'aunin farashi na wancan zamani ya ɗauki kamannin mulkin da ya haife shi. A Libreville, kamar a Abidjan da Dakar, ma'auni biyu ake fitarwa: ɗaya na gidajen da ke rayuwa irin ta Turawa, ɗaya na gidajen 'yan Afirka. Wannan rabo ya daɗe bayan samun 'yancin Gabon a 17 ga Agusta 1960, kuma a babban birni kaɗai ake tattara farashin. Arzikin mai na shekarun 1970, da aikin layin dogo na Transgabonais, da gine-ginen da aka yi don taron Ƙungiyar Haɗin Kan Afirka na 1977, sun jawo mutane daga ƙauyuka da ƙasashen maƙwabta zuwa Libreville. Unguwannin PK suka cika, gonaki suka rasa hannu, dogaro da abincin waje ya ƙaru.

Janairu 1994

A 11 ga Janairu 1994 aka sanar a Dakar cewa an karya darajar sefa da rabi. Faran ɗin Faransa guda, wanda ake saye a kan sefa 50, ya koma sefa 100. Duk kayan da ake shigowa da su daga waje, shinkafa da madara da magani da kayan gyaran mota, kuɗin sayo su ya ninka a dare ɗaya. A watan Fabrairu aka kira yajin aiki, aka yi tarzoma a Libreville. Ma'aunin farashi ya nuna hauhawa ta kusan kashi 36 cikin ɗari a Gabon a wannan shekara. Lambar ba ta kai ninki ba, saboda kwando ya ƙunshi abubuwan da ba daga waje suke zuwa ba, irin su rogo da kuɗin haya da ladan aiki, waɗanda suka tashi a hankali. Gidan da ya dogara da shinkafa da magani ya sha wuya fiye da abin da lambar ta nuna.

Wannan girgiza ta bayyana cewa tsofaffin ma'aunai sun gaji, kuma kowace ƙasa da irin nata, ba a iya kwatanta su. Hukumar AFRISTAT, wadda aka kafa da yarjejeniyar 1993 aka kuma zaunar da ita a Bamako, ta taimaka wa ƙasashen sefa suka yi ma'auni na bai ɗaya, wanda ake taƙaita sunansa da IHPC. Ƙasashen yamma, ciki har da Nijar, suka fara, na tsakiya suka biyo baya a shekarun 2000. Ƙungiyar CEMAC, wadda Gabon ke cikinta, ta ɗora wa mambobinta sharaɗin kada hauhawar farashi ta wuce kashi 3 cikin ɗari a shekara, bankin BEAC da ke Yaoundé yana sa ido. Tun 1999 kuma sefa na ɗaure da yuro a kan 655.957.

Yadda ake auna wata guda

Aikin yana farawa da binciken gidaje, inda ake rubuta abin da iyalai ke kashewa, a raba shi gida goma sha biyu: abinci, tufafi, muhalli, lafiya, sufuri, ilimi da sauransu. Daga nan ake sanin nauyin kowane gida. Sa'an nan ma'aikatan hukumar ƙididdiga su riƙa zagaya kasuwanni da kantuna, suna komawa wurare guda don ganin kaya iri guda.

A kasuwa irin ta PK8 akwai wata wahala. Tumatir da barkono da busasshen kifi ba a kilo ake sayar da su ba, kasa su ake yi. In kaya ya yi tsada, mai sayarwa ba ta cika ƙara kuɗin kashi ba, sai dai ta rage shi: tumatir biyar su koma huɗu, kuɗi yana nan yadda yake. Wanda ya tambayi farashi kawai zai rubuta cewa babu canji, alhali kuɗin kowane tumatir ya tashi da rubu'i. Saboda haka ƙa'idar aikin ta ce a sayi kashin, a ɗora shi a kan sikeli, a fitar da farashin kilo. Ɗalibin Hausa zai lura cewa kalma guda ce a wurare biyun: "kashi" na mai tumatir, da "kashi" na "kashi uku cikin ɗari", dukansu daga "kasa" suke, wato rarraba abu tuli-tuli.

Ga misali na lissafi. A ce abinci yana da nauyin kashi 40 na kwando, farashinsa ya tashi da kashi 10, sauran kaya ba su motsa ba. Ma'auni zai tashi daga 100 zuwa 104. Amma gidan da abinci ke cinye kashi 70 na kuɗinsa, tsadarsa ta tashi da kashi 7. Wannan shi ne abin da Engel ya gani, shi ne kuma dalilin da ya sa talaka yakan ji kamar lambar gwamnati ta raina wahalarsa.

Lamba uku ake fitarwa daga ma'auni guda. Canjin wata-wata yana kwatanta wannan wata da wanda ya gabata, kuma yanayi yana juya shi: ruwan sama da ya ɓata hanya ya tsayar da motocin agada, ko komawar yara makaranta, ko azumi da bukukuwan ƙarshen shekara. Canjin shekara yana kwatanta wata da takwaransa na bara, don haka yana kawar da tasirin yanayi. Na uku shi ne matsakaicin watanni goma sha biyu, wanda da shi ake duba sharaɗin CEMAC. Saukar hauhawa daga kashi 5 zuwa 3 ba araha take nufi ba. Farashi yana ci gaba da tashi, gudunsa ne ya ragu.

Wa kwando ya ƙunsa?

Sakamako yana bin wanda aka auna. A 2010 kamfanin Mercer ya sa Libreville a matsayi na bakwai cikin biranen duniya mafi tsada, amma kwandonsa na baƙin ma'aikatan kamfanoni ne, ba na mai cefane a PK8 ba. Haka kuma canza kwando yana canza lamba. Hukumar Ƙididdiga ta Najeriya ta ba da kashi 34.80 a Disamba 2024. Da ta mayar da shekarar tushe daga 2009 zuwa 2024, lambar Janairu 2025 ta fito kashi 24.48, ba tare da mudun shinkafa ya sauka haka a kasuwar Dawanau ba.

Gwamnatoci kuwa sun koyi tsoron tsada. A Maris 2005 ƙawancen yaƙi da tsadar rayuwa, ƙarƙashin Nouhou Arzika, ya rufe kasuwanni a Yamai da Maraɗi da Damagaram saboda harajin kashi 19 da aka ɗora wa kayan masarufi, har gwamnatin Nijar ta janye shi daga mafi yawansu. A Gabon albashi mafi ƙaranci ya daɗe a sefa 44,000 kafin a ɗaga shi zuwa 80,000 a 2006, a 2010 kuma aka kafa mafi ƙarancin kuɗin shiga na wata a kan 150,000. Daga 2012 gwamnati ta ɗauke haraji daga jerin kayan abinci na waje, ta ƙayyade musu farashi. Duk da haka, a 2022 hauhawar ta haura kashi 4 cikin ɗari, sama da sharaɗin CEMAC, bayan yaƙin Yukiren ya tayar da farashin alkama da man girki.

Tambayar Fleetwood ita ce ke gaban ma'aikacin Libreville a yau: sefa 80,000 na 2006, nawa ne a kuɗin bana? Amsarta tana cikin littattafan ma'aikatan ƙididdiga, waɗanda kowane wata suke sayen kashin tumatir a kasuwa su ɗora shi a kan sikeli.