Kachala

Kachala, wadda masana ke kira Typha domingensis, ciyawa ce ta ruwa da ke tsirowa a fadamu da tafkuna da magudanan noman rani a Arewacin Najeriya da kudancin Nijar. Tsayinta yakan kai mita 2 zuwa 4. Tana yaɗuwa ta hanyar saiwar da ke rarrafe a cikin laka, da kuma iri mai kama da auduga wanda iska ke ɗauka.

Yaɗuwa

Kachala ta fi son ruwan da ke kwance duk shekara. Ta yi ƙamari a dausayin Haɗeja-Nguru bayan gina madatsar Tiga a 1974 da ta Challawa a 1992, domin sakin ruwa da rani ya hana fadamu bushewa kamar da. Tana toshe hanyoyin ruwa, tana cinye gonakin shinkafa da wuraren su, kuma jan-baki mai ɓarnar gero da dawa yakan kwana a cikinta.

Kachala da tsuntsun kamun kifi

Yaɗuwar kachala na iya takura tsuntsun kamun kifi mai fari da baƙi, wato Ceryle rudis. Wannan tsuntsu yana tsayawa cak a sama yana kaɗa fukafukai, sannan ya faɗa ruwa ya cafke kifi, kuma yana haƙa ramin sheƙarsa a gaɓar kogi. Idan ciyawa ta rufe ruwa, wurin farautarsa yakan ragu.

Duk da haka ƙungiyar IUCN ba ta sa shi cikin tsuntsayen da ke fuskantar barazana ba, saboda yana da yawa a Afirka da Asiya. Ɗan'uwansa na tsibirin Guwam, da ake kira sihek, shi ne ya ƙare a daji a shekarun 1980, bayan wani maciji da aka shigo da shi tsibirin ya cinye ƙwai da 'ya'yansa. Sai a 2024 aka saki kaɗan daga cikin waɗanda aka raina a tsibirin Palmira.

Magancewa

Manoma da masunta kan yi gayya su yanke kachala a ƙarƙashin ruwa, don saiwar ta rasa iska ta ruɓe. Ana kuma sarrafa busasshiyarta a yi tabarma da gawayi.