Dutse da Ƙififiya: Tarihin Gardama a Kan Ƙarshen Wasan Avatar

A daren 19 ga watan Yuli na shekarar 2008, mutane kimanin miliyan 5.6 a Amurka suka zauna gaban talabijin domin su ga yadda wani yaro zai ƙare da wani azzalumin sarki. Yaron zane ne, sarkin ma zane ne, amma gardamar da ta tashi daga wannan dare ta mutane ce, kuma har yanzu ba ta kwanta ba. Duk wanda ya zauna a ɗakunan kwanan ɗalibai ya san cewa da zarar an ambaci wasan Avatar: The Last Airbender sai zama ya rabu biyu, waɗansu na cewa ba a taɓa rufe labari da kyau kamarsa ba, waɗansu kuwa na cewa marubutan sun ari tsani sun tsallake katangar da su da kansu suka gina. Nufina a nan shi ne in bi tarihin wasan da na gardamar, sa'an nan in faɗi inda nake ganin gizo yake saƙa.

Waɗanda suka ƙago wasan su biyu ne, Michael Dante DiMartino da Bryan Konietzko, waɗanda suka san juna tun suna ɗalibai a makarantar zane ta Rhode Island. Tashar yara ta Nickelodeon ce ta karɓi shirin, ta fara nuna shi ran 21 ga Fabrairu, 2005. An yi kashi 61, aka raba su littafi uku, wato Ruwa da Ƙasa da Wuta, kuma Aaron Ehasz ne shugaban marubuta. A Amurka aka tsara labarin, amma yawancin aikin motsa zanen a Koriya ta Kudu aka yi shi. Duniyar labarin ma daga Asiya aka ɗebo kayan gininta: rubutun Sin, da sufayen da suka yi kama da na Tibet, da salon faɗa iri huɗu na Sinawa waɗanda wani gwani mai suna Sifu Kisu ya koya wa masu zanen. Wasan ya sami lambar yabo ta Peabody ta shekarar 2008, abin da ba kasafai katun ɗin yara yakan samu ba.

Ga wanda bai gani ba, ga labarin a gurguje. Duniya ta kasu al'umma huɗu, kowace da masu sarrafa abu guda: ruwa, ko ƙasa, ko wuta, ko iska. Mutum ɗaya tak ke iya sarrafa huɗun, shi ne Avatar, wanda bisa aƙidar labarin (an aro ta daga addinan Indiya, ba tamu ba ce) akan sake haihuwarsa a kowane zamani domin ya daidaita duniya. Sarkin Wuta, Sozin, ya yi amfani da ƙarfin wata tauraruwa mai wutsiya ya hallaka Jama'ar Iska ƙaf. Na ce Jama'ar Iska da gangan, don kada wani ya fassara su da sunan da bai dace da sufaye ba. Yaro ɗaya ya tsira, Aang, ɗan shekara 12, wanda shi ne Avatar ɗin, domin ya gudu daga nauyin da aka ɗora masa ya daskare cikin dutsen ƙanƙara har shekara 100. Da ya farka sai ya tarar yaƙi na ci, jikan Sozin mai suna Ozai na kan gado, tauraruwar nan kuma na gab da dawowa.

To, a kashi huɗun ƙarshe ne aka ɗaura wa yaron ƙullin da ya jawo duk wannan magana. Ozai ya yi niyyar ƙone Masarautar Ƙasa ƙurmus. Abokan Aang duka suna ganin ba makawa sai ya kashe shi, har da Zuko, ɗan Ozai na cikinsa. Aang ya ce tarbiyyar sufayen da suka rene shi ta hana kisa, shi da ko nama ba ya ci. Ya nemi shawarar magabatansa huɗu, Roku da Kyoshi da Kuruk da Yangchen, babu wanda ya ba shi abin da yake son ji. Wadda ta fi ba shi mamaki ita ce Yangchen, domin ita ma daga Jama'ar Iska ta fito, amma ta nuna masa cewa wanda aka ɗora wa amanar duniya ba shi da ikon fifita tsarkin kansa a kan rayukan jama'a. Haƙiƙa wannan wuri yana cikin mafi ƙarfin abin da aka rubuta a wasan gaba ɗaya. An toshe wa yaron kowace ƙofa, mai kallo kuma ya gyara zama ya ga wace zai fasa.

Sai ga abubuwa biyu sun faɗo. Na farko, tsibirin da Aang yake zaune a kai ashe bayan wata ƙatuwar ƙififiya ce mai kan zaki, wadda ta taɓa goshinsa da ƙirjinsa ta ba shi wani ilmi da ba a taɓa ambata ba cikin kashi hamsin da ɗoriya, wato ikon zare wa mutum ƙarfin sarrafawarsa. Na biyu kuwa dutse ne. Tun ƙarshen littafi na biyu Azula, 'yar Ozai, ta harbi Aang da tsawa a gadon baya a birnin Ba Sing Se, ta toshe masa hanyar shiga halin nan da yake haɗa ƙarfin magabatansa duka. A tsakiyar faɗan ƙarshe, Ozai ya yi jifa da shi, tabon ya daki tsinin wani dutse, sai hanya ta buɗe. Da ƙarfin da dutse ya dawo masa ya kayar da Ozai, da ilmin ƙififiya kuma ya zare masa wutarsa ya bar shi da rai a kurkuku.

Ƙorafin da masu suka suke yi ya girmi talabijin da fiye da shekara dubu biyu. A dandalin wasan kwaikwayo na Girka ta dā, akwai wata na'ura da ake sauko da ɗan wasa da ita daga sama a matsayin abin bautarsu, ya zo ya warware rikicin da ya gagari mutane. Aristotal ya soki wannan dabara a littafinsa na nazarin waƙa da wasa, ya kafa misali da wasan Medea na Yurifidis, wanda aka fara nunawa a shekara ta 431 kafin haihuwar Annabi Isa, inda matar da ta kashe 'ya'yanta ta tsere cikin keken rana. Ra'ayinsa shi ne warwarar ƙulli ta fito daga cikin zubin labarin kansa. Masu sukar Avatar suna cewa ƙififiyar nan ita ce na'urar Girkawa ta sake shiga. An tambayi yaro ya zaɓa tsakanin aƙidarsa da ceton duniya, aka kuma miƙo masa hanya ta uku ta bayan fage. Suna ƙarawa da cewa hannun Aang ɗin ma ba fes yake ba, domin a ƙarshen littafi na ɗaya ya haɗu da aljanin teku ya watsa rundunar jiragen ruwa cike da sojoji, kuma an nuna ƙasusuwan malaminsa Gyatso kewaye da gawarwakin mayaƙan Wuta. Waɗansu kuma suna ɗora laifin a kan tashar, su ce gidan yara ne ba zai yarda tauraronsa ya yi kisa ba. Suna da 'yar hujja, domin mutuwar wani saurayi mai suna Jet an lulluɓe ta ƙwarai, har marubutan da kansu suka yi wa abin ba'a a kashin da ya gabaci na ƙarshe.

Masu kariya suna da tasu amsar. Sukan nuna cewa an ga hoton ƙififiyar a cikin wani naɗaɗɗen littafi a kashi na 10 na littafi na biyu. Wannan hujja a ganina ba ta da nauyi, don ganin hoton dabba na ƙiftawar ido bai gaya wa kowa cewa ana iya zare ƙarfin mutum ba. Hujjarsu mai nauyi ita ce ta jigo. Aang shi kaɗai ya rage daga al'ummarsa, ba littafi, ba malami, ba ɗan'uwa. Abin da ya saura na Jama'ar Iska a duniya shi ne abin da yake cikin ƙirjin yaron nan. In ya yi kisa da gangan, to ya ƙarasa wa Sozin aikin da ya fara, ya kuma tabbatar da maganar Ozai cewa mutanensa raunana ne da ba su cancanci zama a duniya ba. Bugu da ƙari, sau biyu ya yi zaɓin da kansa. Tun yana shan kashi ya sami damar mayar wa Ozai tsawarsa, dabarar da Zuko ya koya masa, ya saita hannu, sai ya kauda shi ya harba sama, alhali ya san yana iya mutuwa a kan haka. Da ya yi rinjaye kuma, magabatansa na cikinsa suna shirin kai sāran ƙarshe, ya tsai da hannun.

A nan ne nake ganin ɓangarorin biyu suna sāran reshe ɗaya sun bar gindi. Mu da muka tashi da tatsuniya ba baƙi ba ne ga taimakon da ke zuwa daga gaibu. Amma mai karatu ya tuna da 'yar bora da 'yar mowa: kyautar ba ta zuwa sai an ci jarrabawar ladabi da haƙuri, wadda ta faɗi kuwa ta kwashi kashinta a hannu. In aka auna ƙififiya da wannan ma'auni, za ta iya wucewa da ƙyar. Aang ya nema, ya ƙi amsa mai sauƙi har sau huɗu, kuma ilmin da aka ba shi yana da haɗari, domin an nuna hasken Ozai ya kusa cinye nasa kafin ya rinjaya. Aibinta shi ne jinkiri, da an shuka ta tun littafi na biyu da ba wanda zai ɗaga murya.

Dutsen nan kuwa ba shi da mai kare shi, kuma abin mamaki shi ne an fi yi masa shiru. Marubutan sun ɓata kashi guda cur suna nuna wani malami, Guru Pathik, yana koya wa Aang cewa ƙofa ta bakwai ba ta buɗuwa sai ya saki abin da zuciyarsa ta fi ƙauna, wato Katara. Sun mai da matsalar ta zuci, ta tarbiyyar rai. Sa'an nan a ranar biyan bashi sai tsinin dutse ya biya masa. Bai nemi dutsen ba, bai ci wata jarrabawa ba, tsautsayi ne kawai ya zo da sa'a. Ba don shi ba da Ozai ya gama da yaron, da ilmin ƙififiya bai yi amfanin komai ba, tunda ba a zare ƙarfin wanda ba a kayar ba. Kwatanta wannan da faɗan Zuko da Azula a daren guda: Zuko ya tari tsawar da aka harba wa Katara da jikinsa, Katara kuma ta kama Azula da wayo, da ruwan magudana da sarƙa. Kowane mataki a can ya fito daga halin mutanen da muka sani tun farko, shi ya sa da wuya ka ji ana gardama a kansa.

Akwai wata tambaya da ɗalibin tarihi ba zai tsallake ba: barin azzalumi da rai yana kashe wutar ko rufe ta yake da toka? Turawa sun kai Napoleon tsibirin Elba a 1814, ya dawo musu a 1815. A Japan, wadda manazarta da yawa ke kwatanta Ƙasar Wuta da daularta ta lokacin yaƙi, Amurkawa sun bar Sarki Hirohito a kan gado bayan 1945 ba tare da shari'a ba, aka dai raba shi da iko. Wasan Avatar kansa an nuna shi ne Amurka na yaƙi a Iraƙi, kuma an rataye Saddam Husaini ran 30 ga Disamba, 2006, wata ɗaya bayan kammala littafi na biyu. Ban ce marubutan na nufin wannan ba, amma masu kallonsu manya sun ga tambayar a labarun duniya kafin su gan ta a katun. Wasan ya rufe da naɗin Zuko da shan shayi a Ba Sing Se, bai taɓa wannan tambaya ba.

Abin da ya biyo baya ya nuna cewa masu wasan sun san inda suka bar ramuka. A littafin zane mai suna The Promise na 2012, wanda Gene Luen Yang ya rubuta, Zuko ya sa Aang ya yi masa alkawarin zai kashe shi in ya ga ya fara zama kamar ubansa, wato ƙullin da aka zille wa ya dawo da sabuwar fuska, Zuko kuma yana zuwa kurkuku neman shawarar Ozai. A wani littafin daga baya har ƙungiyar asiri aka kafa don mayar da Ozai kan gado. A 2013 wasan The Legend of Korra ya ba da kashi biyu kan Wan, Avatar na farko, inda aka nuna cewa ƙififiyoyin ne suke ba mutane ikon sarrafawa tun asali. A shekarar ce kuma littafin The Search ya amsa tambayar da Zuko ya yi wa ubansa a kurkuku game da inda uwarsa take, wadda aka bar masu kallo da ita shekara biyar. Masu kariya sun karɓi waɗannan da murna. Ni dai ina ganin bayanin da ya zo a 2013 ba zai zama shukar abin da aka girbe a 2008 ba. Da Netflix ta saka wasan a Amurka cikin Mayun 2020 ya hau sahun gaba na abin da ake kallo, sababbin masu kallo suka ɗauki gardamar daga inda yayyensu suka ajiye ta. An ba ƙififiya tarihi da dangi da dalili, dutsen kuwa yana nan yadda aka bar shi.