Tafiyar Zango-Zango a Koyon Tuƙin Jirgin Sama

Tafiyar zango-zango ita ce matakin da ɗalibin tuƙin jirgin sama yake barin sararin filin da ya saba da shi, ya nufi wani gari mai nisa, ya sauka, ya sake tashi zuwa wani, sannan ya komo gida. Taswira da kamfas da agogo ne guzurinsa. A ƙasar Hausa wannan dabara ta girmi makarantar tuƙi nesa ba kusa ba, domin da ita jiragen farko suka iso.

A ƙarshen watan Oktoba na 1925 jirage uku na sojan saman Ingila, ƙirar DH.9A, suka tashi daga Helwan kusa da Alƙahira, Arthur Coningham ne madugu. Suka biyo ta Hartum da Alfashir da Fort Lamy, wato Njamena ta yau, suka shigo ta Maiduguri, suka dira a Kano ran 1 ga Nuwamba. Babu hasumiyar da ta yi musu jagora a hanya. Lissafin gudu da lokaci suka yi, suna gwada abin da ido ya gani a ƙasa da abin da ke kan takarda. A 1936 kamfanin Imperial Airways ya fara jigila tsakanin Hartum da Kano. Da Yaƙin Duniya na Biyu ya yi tsanani, daga 1940 aka riƙa harhaɗa jiragen yaƙi a Takoradi ta ƙasar Gana ta yanzu, ana tuƙa su ta Legas da Kano da Maiduguri har Masar. Ƙananan jiragen Hurricane kan bi bayan jirgin Blenheim guda mai ɗauke da masanin hanya, tamkar yadda fatake ke bin jagaba daga zango zuwa zango.

Koyar da sana'ar a gida ta kafu a 1964, lokacin da aka kafa cibiyar horon ma'aikatan jiragen sama a Zariya da taimakon Majalisar Ɗinkin Duniya da hukumarta ta sufurin sama, ICAO. Ita ce kwalejin da ake kira NCAT a yau. Ƙa'idar ICAO ta ce mai neman lasin farko ya yi aƙalla awa 5 na irin wannan tafiya shi kaɗai a jirgi, ciki har da guda da ba ta gaza kilomita 270 ba, wadda zai sauka cak a filaye biyu daban-daban. Mai neman lasin tuƙin kasuwanci kuwa awa 20 ake nema gare shi yana riƙe da ragama, da tafiya guda ta kilomita 540.

In aka shimfiɗa taswira, Katsina na arewa sak da Zariya, tazarar kilomita 210 ko kusa da haka a miƙe. Zagayen Zariya zuwa Kano zuwa Katsina a komo Zariya ya kusa kilomita 490: ya zarce abin da lasin farko ke buƙata, bai kai na kasuwanci ba. Sai dai zangunan uku ba ɗaya suke ba. Daga Zariya zuwa Kano akwai layin dogo, wanda ya isa Kano tun 1911, ga ruwan Tiga yana ƙyalli a gabas, ga Dala da Gwauron Dutse suna tarbar baƙo. Katsina kuwa dogon Turawan mulki ya kauce mata, ya bi ta Funtuwa da Gusau ya tsaya Ƙaura Namoda a 1929. Sai a 2021 aka aza harsashin na Kano zuwa Maraɗi wanda zai ratsa ta. Mai zuwa daga Kano kwalta yake kamawa da ido, ta Bichi da Tsanyawa da Kankiya da Charanchi. Mai zuwa daga kudu, da ya bar Malumfashi, babbar alamarsa ita ce madatsar Zobe ta wajen Dutsin-Ma a hannun hagu. Sauran duk gonaki ne da ƙauyuka masu kama da juna, musamman da rani, sa'ad da jan gini da jar ƙasa suka zama launi guda.

Aikin tun a kan tebur yake farawa. Ɗalibi ya ja layi da fensir, ya yanka shi gaɓa-gaɓa, ya rubuta mintin da ya kamata ya kasance a kan kowace alama, ya lissafa man da zai ci da rarar da zai ajiye. Sannan ya shigar da iska cikin lissafi. Da hunturu tana kaɗowa daga arewa maso gabas, saboda haka wanda ya nufi Katsina daga Zariya sai ya ɗan karkata hancin jirgi dama, in ba haka ba ta yi ta tura shi yamma bai ankara ba. Kuskuren digiri 1 kan zama kusan kilomita 1 bayan tafiyar kilomita 60. Ga iyakar Nijar kuma a bakin ƙofa. Wanda ya wuce filin Umaru Musa 'Yar'aduwa na Katsina bai gan shi ba, 'yan mintuna kaɗan ne tsakaninsa da sararin wata ƙasa.

Hazo shi ne babban mai hana tafiya. Ƙurar da ke tasowa daga kwarin Bodele na Cadi takan rufe gari tsakanin Nuwamba da Maris, kuma doka ba ta yarda mai tuƙi da ido ya tashi ba sai yana hango nisan kilomita 5 a galibin yanayi. Da damina hadarin la'asar ne abin gudu, shi ya sa ake sammako.

Jiragen koyo na yanzu, irin su Diamond DA40, suna zuwa da allo mai nuna inda jirgi yake ta hanyar tauraron ɗan'adam. Duk da haka mai jarrabawa yakan hana ɗalibi duban allon, ya ce masa filin da aka nufa ya rufe, ya nemi wani. Nan take zai ɗora taswira a cinya, ya fitar da sabuwar alƙibla, ya faɗi mintin isa da man da zai rage, ɗaya hannun kuma yana kan sitiyari.