Masana'antun Amurka da mallakar tsibirai, 1865 zuwa 1914: kasuwa aka nema ko zango?

Gabatarwa

A cikin rubuce-rubucen ɗalibanmu kan mulkin mallaka akwai wani bayani da yake yawan dawowa: masana'antu suka bunƙasa, kaya suka yi wa kasuwar gida yawa, sai ƴan jari hujja suka tura gwamnati ta mallaki ƙasashen da za a sayar da rarar. Asalin wannan bayani yana cikin littafin Hobson na 1902 da na Lenin da ya rubuta a 1916. Game da Amurka kuwa, William Appleman Williams a 1959 da almajirinsa Walter LaFeber a 1963 su ne suka ba shi ƙarfi. Ba mu ce ƙarya ne ba. Abin da ke damunmu shi ne yadda ya zama riga ɗaya da ake sanya wa kowace daula, har ɗalibi ya daina tambayar wane kaya aka sayar, a ina, kuma wa ya ci ribar. A wannan takarda za mu gwada shi a kan Amurka tsakanin ƙarshen yaƙin basasarta da buɗe mashigin Panama. Ra'ayinmu shi ne, abin da ta fi nema a ƙetare wuraren yada zango ne a kan hanyar teku, tare da ikon shiga kasuwar da ba ita ke mulki ba.

1. Girman masana'antu da inda kayan suke tafiya

Bunƙasar kanta ba abin gardama ba ce. A 1860 layin dogon Amurka bai wuce kilomita 50,000 ba. A 1900 ya haura kilomita 300,000, bayan an haɗe gabas da yamma a 1869. Jama'a ta tashi daga miliyan 31 zuwa miliyan 76 cikin waɗannan shekaru arba'in. Tataccen ƙarfen da take sarrafawa ya zarce ton miliyan 10 a 1900, wato kimanin ninki biyu na abin da Ingila ke fitarwa. Kamfanin Standard Oil, wanda Rockefeller ya kafa a 1870, ya riƙe kusan kashi 90 cikin 100 na tace mai kafin shekara goma ta cika. A 1901 aka haɗe ma'aikatun Carnegie da wasu aka yi U.S. Steel da jarin dala miliyan 1,400.

To amma wa ke sayen waɗannan kaya? Galibi Amurkawa ne da kansu, a bayan katangar kuɗin duwan mai tsawo wadda dokokin McKinley (1890) da Dingley (1897) suka ƙara ɗagawa. Abin da ake fitarwa waje bai kai kashi 10 cikin 100 na abin da ƙasar ke samarwa ba. A cikinsa ma, har zuwa ƙarshen ƙarni na 19, amfanin gona ne ya fi yawa: auduga, alkama, nama, taba. Fiye da kashi 70 cikin 100 na kayan Turai suke nufa, Ingila ce kan gaba. Ƙasar Sin, wadda ake ta yi wa kirari a jaridu da majalisa, kusan kashi 1 cikin 100 take karɓa. Kamfanonin da suka fi dogara da ƙetare kuwa ba su jira soja ya share musu hanya ba. Fiye da rabin kananzir na Amurka waje yake tafiya a shekarun 1880, ta hannun wakilai da dillalai. Singer, mai keken ɗinki, ya buɗe ma'aikata a Glasgo tun 1867, cikin ƙasar babbar abokiyar gasa.

2. Tsoron 1893

Idan alƙaluma haka suke, me ya sa maganar rarar kaya ta cika bakin ƴan siyasa? Amsar tana cikin karyewar tattalin arziki ta 1893. A shekarar nan bankuna fiye da 500 da kamfanoni wajen 15,000 suka rufe. Shekarar da ta gabace ta an yi ɗauki ba daɗi da ma'aikatan ƙarfe a Homestead. A 1894 yajin aikin Pullman ya tsayar da jiragen ƙasa har aka tura sojan tarayya, marasa aikin yi kuma suka yi tattaki zuwa Washington. A Chicago, cikin 1893 ɗin dai, masanin tarihi Frederick Jackson Turner ya gabatar da ƙasidarsa cewa filin yamma da ake ta faɗaɗawa cikinsa ya ƙare. (Filin nan na mutane ne; kisan Wounded Knee ya auku a Disamba 1890, kuma wanda ya ce Amurka ba ta san mallaka ba kafin 1898 ya manta da ƴan asalin ƙasar.) Ƙungiyar masu masana'antu ta ƙasa an kafa ta a 1895, neman kasuwar waje na cikin manyan manufofinta.

A nan Williams da LaFeber suna da gaskiya: masu mulki sun yarda cewa ba za a zauna lafiya a gida ba sai an sami kasuwa a waje. Sai dai ya kamata mu bambanta abin da mutane suka yi imani da shi da abin da littafin ciniki ya nuna. Akwai kuma ƴan tsirarun da maganar ta shafi aljihunsu kai tsaye, kamar masaƙun jihohin kudu, waɗanda arewacin Sin ke ɗaukar kusan rabin yadin audugar da Amurka ke fitarwa a ƙarshen shekarun 1890. A lissafin ƙasa kaɗan ne, amma a majalisa muryarsu tana da ƙarfi.

3. Zango a kan teku

Wanda ya san fataucin ayari zai fi saurin gane wannan sashe. Madugu ba ya bukatar mallakar hamada. Rijiyoyi da zango su ne damuwarsa. Jirgin ruwa mai tururi na wancan zamani ba ya iya ratsa Pasifik ya yi yaƙi ya komo sai ya tsaya ya ɗebi kwal. Shi ya sa tun lokacin da Perry ya tilasta wa Japan yarjejeniyar Kanagawa a 1854, abin da aka fara nema shi ne tashoshin ɗibar ruwa da kwal da abinci. Dokar 1856 ta ba Amurkawa damar kama tsibiran da ke da kashin tsuntsaye, wanda manoma ke nema don taki. A 1867, shekarar da aka sayi Alaska daga Rasha a kan dala miliyan 7.2, aka ɗora tuta a Midway. Pago Pago ta Samoa ta biyo a 1878. Littafin Kyaftin Alfred Mahan na 1890 kan ƙarfin teku ya mai da waɗannan abubuwa tsari guda: masana'antu, jiragen kasuwa, jiragen yaƙi masu tsare su, da tashoshin da za su ciyar da jiragen.

Hawai ita ce misalin da ya fi cancanta a dakata a kansa, domin a can ne ake ganin yadda dokar duwan ta kayar da sarauta. Yarjejeniyar 1875 ta ba sukarin Hawai damar shiga Amurka ba tare da biyan fito ba. Gonakin rake suka yaɗu, galibi a hannun Turawa, wasunsu ƴaƴa da jikokin ƴan mishan, ana kawo musu ƴan ƙodago daga Sin da Japan. Da aka sabunta yarjejeniyar a 1887, Amurka ta karɓi ikon amfani da Pearl Harbor. Sai dokar McKinley ta 1890 ta cire fito daga ɗanyen sukarin kowace ƙasa, ta kuma ba manoman cikin gida tukuicin santi 2 a kan kowace laba. Fifikon Hawai ya tafi dare ɗaya. Hanya mafi sauƙi ta komawa cikin katanga ita ce Hawai ta zama Amurka. A Janairu 1893, lokacin da Sarauniya Liliuokalani ta nemi maido da ikon da aka ƙwace wa sarauta, wani rukunin Turawan ya hamɓarar da ita, jakadan Amurka John Stevens kuma ya sauko da sojan ruwa daga jirgin Boston. Shugaba Cleveland ya janye yarjejeniyar haɗewa, ya kuma yarda a fili cewa an yi zalunci, amma bai maido da ita ba. Shekara biyar masu rake suna jira. Abin da ya buɗe musu ƙofa a Yuli 1898 shi ne bukatar wurin tsayawa ga jiragen da ke kai soja Manila. A nan Amurka saye take yi, ba sayarwa ba, kuma bayanin rarar kaya ba ya fassara wannan.

4. Shekarar 1898

Duwan ta taka rawa a Kuba ma. Dokar 1894 ta maido da fito na kashi 40 cikin 100 a kan sukari, tattalin arzikin tsibirin ya girgiza, tawayen da José Martí ya daɗe yana shiryawa ya tashi a Fabrairu 1895. Jirgin Maine ya fashe a Havana ranar 15 ga Fabrairu 1898, mutum fiye da 260 suka mutu, a Afrilu aka shiga yaƙi da Sipaniya. Julius Pratt ya nuna tun 1936 cewa yawancin manyan ƴan kasuwa ba su so yaƙin ba, don suna tsoron ya ɓata farfaɗowar ciniki. Ra'ayinsu ya juya ne bayan Dewey ya nutsar da jiragen Sipaniya a Manila ranar 1 ga Mayu. Don ɗalibi ya daidaita lokutan a ransa, kwana huɗu bayan haka aka kashe Kyaftin Cazemajou a Damagaram.

Filipin ita ce babbar hujjar wanda zai musa mana, kuma ba za mu ɓoye ta ba. Manila aka so, a matsayin ƙofar Sin. Amma hafsoshi suka ce ba a iya riƙe Manila ba tare da Luzon ba, ba a kuma iya barin sauran tsibiran ga Jamus ko Japan. Ta haka neman zango ya jawo mallakar mutum wajen miliyan 7, a kan dala miliyan 20 da aka biya Sipaniya bisa yarjejeniyar Paris ta 10 ga Disamba 1898. Majalisar Dattawa ta amince da ƙyar, ƙuri'a 57 da 27. Carnegie, sarkin ƙarfe da kansa, yana cikin masu adawa. Yaƙin da aka yi da mutanen Aguinaldo daga 1899 zuwa 1902 ya ci sojan Amurka fiye da 4,000, da fararen hula na Filipin aƙalla 200,000 ta hanyar yaƙi da yunwa da cuta. A tsibirin Luzon, a Batangas, an tara ƙauyawa cikin sansanoni, irin abin da jaridun Amurka suka zagi Sipaniya a kansa a Kuba.

Bayan wannan Amurka ba ta sake ɗaukar babbar ƙasa irin haka ba. Hanyar da ta fi so ta bayyana a wasiƙun John Hay na Satumba 1899, inda ya nemi manyan dauloli su bar ƙofar cinikin Sin a buɗe ga kowa. Ba sabuwar dabara ba ce. A taron Berlin na 1884 zuwa 1885, wanda ya tsara zirga-zirga a kogunan Kongo da Kwara, wakilan Amurka ba su nemi ko taƙi ɗaya na ƙasa ba. Ciniki ba shinge suka goyi baya, daga baya ma gwamnatinsu ba ta tabbatar da yarjejeniyar ba. Mai masana'antar da ta fi ta kowa arha ya fi cin riba idan babu shinge, ya bar wa Faransa da Ingila wahalar karɓar haraji da ciyar da soja.

A tekun Karibiya kuwa ƙofar ta kowa ba ce. Gyaran Platt na 1901 ya ba Amurka ikon shiga Kuba duk sa'ad da ta ga dama, Guantánamo ta zama tashar sojan ruwanta a 1903. A shekarar ne ta taimaka aka ɓalle Panama daga Kolombiya; hafsoshi ba su manta ba cewa a 1898 jirgin Oregon ya yi kwana 66 yana kewaya Amurka ta Kudu kafin ya iso fagen yaƙi. Mashigin ya buɗe a Agusta 1914. A Jamhuriyar Dominika, daga 1905, jami'an Amurka suka riƙe ofisoshin duwan, suna ware kashi 55 cikin 100 don biyan masu bin bashi, su miƙa wa gwamnati sauran. Muna ganin wannan salon, wato riƙe aljihun ƙasa a bar mata tutarta, ya cancanci bincike na musamman daga ɗalibanmu, kuma ba sai mun faɗi dalili ba.

5. Kasuwar da ta zo daga baya

Yarjejeniyar Paris ta ba kayan Sipaniya dama daidai da ta kayan Amurka a Filipin har shekara goma. Sai a 1909 doka ta buɗe ciniki tsakanin Amurka da tsibiran kusan ba fito, daga nan ne suka zama kasuwarta sosai. Abin ya yi nisa har ya fara cutar da wasu a gida. Sukari da man kwakwa na Filipin suna shiga ba haraji, suna karya farashin masu noman sukari da masu kiwon shanun madara. Da tattalin arziki ya sake karyewa bayan 1929, waɗannan manoma, tare da ƙungiyoyin ƙodago masu ƙin shigowar ƴan Filipin, suka shiga sahun masu neman a saki tsibiran. Dokar Tydings da McDuffie ta 1934 ta tsara hanyar, aka ba da ƴancin kai ranar 4 ga Yuli 1946. A shekarar da ta biyo baya aka sa hannu kan yarjejeniyar sansanonin soja, wadda ta bar Clark da Subic a hannun Amurka har zuwa 1991 da 1992.