Sayen Gida a Najeriya: Tanadin Doka da Zaɓen Lauya

Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta damƙa filayen kowace jiha amana a hannun gwamna. Don haka abin da mai sayen gida a birni ke mallaka shi ne haƙƙin zama, galibi na shekara 99. Sashe na 22 na dokar ya wajabta samun amincewar gwamna kafin a miƙa wannan haƙƙi ga wani. A Abuja kuwa, Ministan Babban Birnin Tarayya ne ke amincewa.

Kafin a ba da ko kafin alƙalami, lauya kan binciki ofishin rajistar filaye, irin su AGIS a Abuja, domin tabbatar da ainihin mai gidan, da cewa ba a jinginar da shi a banki ba. In gidan gado ne, ya tabbatar da yardar magada. Daga nan ya rubuta yarjejeniyar ciniki, a biya haraji, a yi mata rajista.

Wajen zaɓen lauya, a duba cewa sunansa na cikin rajistar Kotun Ƙoli, yana da hatimin Ƙungiyar Lauyoyin Najeriya, kuma ya ƙware a harkar filaye. Kada a dogara da lauyan mai sayarwa ko na dillali, kuma a daddale kuɗin aikinsa a rubuce tun farko.