Wa Ya Fara Yanke Zumunci a Wakanda? Sake Duban Black Panther da Ƙorafin Lebron

A watan Fabrairun 2018, kwanaki kaɗan bayan fitowar Black Panther, Christopher Lebron, malamin falsafa a Jami'ar Johns Hopkins, ya buga maƙala a mujallar Boston Review yana cewa wannan ba shi ne fim ɗin da baƙaƙen fata suka cancanta ba. Tun daga lokacin, da wuya a ga mai sukar fim ɗin da bai bi ta hanyar da Lebron ya share ba. Tarihin fim ɗin sananne ne ga masu nazari: Ryan Coogler ya ba da umarni, kamfanin Marvel ya shirya, ya tara sama da dala biliyan 1.3, ya kuma ci kyautar Oscar uku a 2019. Abin da ya dame ni shi ne hukuncin Lebron ya yi kama da na wanda ya fito daga silima da ɗumin kallon farko, alhali an gina fim ɗin ne ta yadda kallo na biyu zai sauya wanda ake tuhuma.

Ga abin da Lebron ya ce, gwargwadon yadda zan iya yi masa adalci. Mutum ɗaya tak ne a fim ɗin ya ɗauki zaluncin da ake yi wa baƙar fata a duniya da muhimmanci, wato Erik Killmonger, yaron da ya tashi a Oakland. Shi ne kuma aka mayar mugu, mai kisa ba tausayi, aka ƙare labarin da mutuwarsa a hannun ɗan baffansa, T'Challa, Sarkin Wakanda, ƙasar Afirka da aka ƙirƙira a labarin. Loki, wanda ya kai wa birnin New York hari a The Avengers na 2012, an yi ta ba shi damar tuba fim bayan fim. Everett Ross, Bature jami'in leƙen asirin CIA, ya fita da lambar jarunta. Baƙin Ba'amurke kuwa sai kabari. A ganin Lebron, saƙon shi ne: ɗan sarautar Afirka yana da mutunci, talakan unguwannin Amurka ba shi da shi.

Wannan hujja ce mai nauyi. Amma ta dogara ga ɗaukar cewa fim ɗin yana tare da gidan sarauta, kuma minti biyu na farko sun isa su girgiza wannan ɗauka.

Fim ɗin yana buɗewa ne da muryar yaro yana roƙon mahaifinsa ya ba shi labarin gida, uban kuma ya kwashe tarihin Wakanda da ƙabilunta biyar da ƙarfen bibraniyom ya faɗa masa. Ba a nuna fuskokinsu. Duk mai kallon farko zai ɗauka Sarki T'Chaka ne da ɗansa T'Challa, domin su ya sani tun daga Captain America: Civil War na 2016. Sai a kallo na biyu kunne zai gane muryar Sterling K. Brown, wato N'Jobu, ƙanen sarki, yaron kuma Erik ne. Ashe Wakandar da aka fara nuna mana, da duk kyawunta, tatsuniya ce da uba yake yi wa ɗan da bai taɓa taka ƙasar ba. Yaron ne kuma ya tambayi dalilin da ya sa har yanzu suke ɓuya, tambayar da sauran fim ɗin ya tsaya a kanta. Da wuya a ce marubuta biyu, Coogler da Joe Robert Cole, sun miƙa wa mutum mabuɗin labarinsu sannan a ce sun raina shi.

Haka abin yake da fitowar Oakland ta 1992. A kallon farko, sarki ne ya zo ya kama ɗan'uwansa da laifin taimaka wa wani ɗan fasa-ƙwauri, Ulysses Klaue, wajen satar bibraniyom, sai aka yanke zuwa filin ƙwallon kwando inda yara suke kallon haske yana tashi sama. An ɓoye mana abin da ya faru a ɗakin har sai tsakiyar fim, lokacin da T'Challa ya matsa wa Zuri, dattijon fada da ya shaida abin da idonsa: N'Jobu ya zaro bindiga, T'Chaka ya kashe shi, suka bar gawar da yaron suka tafi don kada asirin Wakanda ya tonu. Wanda ya dawo kallo da wannan sani, idonsa ba ya kan sarki kuma. Yana kan yaron da ya tsaya riƙe da ƙwallo, ya zama maraya bai ma sani ba tukuna. Mai karatu Bahaushe ba ya bukatar a yi masa dogon sharhi a nan. Mutum ya kashe ɗan'uwansa, ya ƙi ɗaukar ɗan da ya bari, ya koma gida ya yi shiru shekara ashirin da wani abu: kowa ya san a kan wa alhakin yake, ko da yaron ya girma ya zama abin tsoro.

Fim ɗin bai bar wannan a matsayin abin da mai kallo zai hasaso da kansa ba. T'Challa ya ziyarci duniyar magabata sau biyu. A ta farko ya durƙusa gaban mahaifinsa yana neman albarka. A ta biyu ya tsaya ya faɗa wa ubansa da sarakunan da suka gabata, da ɗaga murya, cewa dukkansu sun yi kuskure, kuma Killmonger da ya hau karagarsu su suka ƙera shi. Tsakanin ziyarorin biyu aka saka ta Killmonger. Shi bai sami fili da bishiyoyi da kakanni ba. Ɗakin Oakland ya koma, inda ubansa yake shi kaɗai, an raba shi da danginsa har a lahira. Lebron bai ba wa waɗannan fitowa uku nauyin da suke da shi ba, kuma a ganina nan ne raunin maƙalarsa ya fi fitowa.

Za a ce: to me ya sa aka sa Killmonger harbe budurwarsa, ya shaƙe dattijuwar da ke kula da lambun ganyen sarauta, ya sa a ƙone lambun? Amsar da fim ɗin ya bayar tana bakin Ross: yaron ya yi karatu a Annapolis da MIT, ya shiga rundunar Amurka ta musamman, an horar da shi kan kifar da gwamnatoci daidai lokacin sauyin mulki. Har alƙawarin da ya yi cewa rana ba za ta faɗi a daular Wakanda ba, aro ne daga kirarin daular Birtaniya. Ciwon Oakland ne ya ba shi dalili, sojan Amurka ya ba shi hanya. Mai yiwuwa wannan bai wanke marubutan gaba ɗaya ba, domin su suka zaɓi cewa mata ne za su fi ɗanɗana hannunsa, kuma zaɓin yana sauƙaƙa wa mai kallo yarda da mutuwarsa.

A nan ya kamata in taƙaita da'awata zuwa abin da shaida za ta iya ɗauka. Abin da kallo na biyu ya gyara shi ne labarin gida, na uba da ɗa da ɗan ɗan'uwa. Bai gyara siyasar kashi na ƙarshe ba. Game da Ross, Lebron yana da gaskiya. Kwamitin Church na Majalisar Dattawan Amurka ya bayyana a 1975 cewa CIA ta shirya kashe Firaministan Kongo Patrice Lumumba da guba, kafin wasu su kashe shi a Katanga ranar 17 ga Janairun 1961. Fim ɗin ya san irin wannan aiki, tunda shi ya lissafa shi a bakin Ross, amma ya ɗora mutumin a kujerar matuƙi yana kakkaɓo jiragen Wakanda, babu wanda ya tambaye shi komai. Wannan ba ya kyautatuwa komai yawan kallo.

Akwai ma wurin da maimaita kallo ya ƙara dagula shi, wanda kuma ya shafe mu kai tsaye. Fitowar Nakia, 'yar leƙen asirin Wakanda, ta farko a dajin Sambisa aka kafa ta, cikin ayarin motocin 'yan bindiga ɗauke da matan da aka sace, a fim ɗin da ya fito kusan shekara huɗu bayan sace ɗalibai 276 a Chibok a watan Afrilun 2014. Cikin 'yan mintuna aka gama da mayaƙan, aka sallami matan su koma gida, labari ya wuce. Abu ɗaya mai daraja a wurin shi ne yadda Nakia ta hana T'Challa kashe yaron da aka tilasta wa ɗaukar bindiga. Ita ce kuma ta fara kira da Wakanda ta buɗe ƙofa ga masu neman mafaka, tun kafin Killmonger ya iso, abin da ya rage ƙarfin cewa shi kaɗai ne ya damu da na waje. Duk da haka, bala'in da har yau iyalai a Borno suke fama da shi an yi amfani da shi ne kawai don a gabatar da jaruma.

Sai kuma batun da nake ganin ya fi na Loki cancantar ƙorafi. A ƙarshe T'Challa ya yi tayin a yi wa Killmonger magani, shi kuwa ya ƙi, ya nemi a jefa shi teku wurin kakanninsa da suka faɗa ruwa daga jiragen bayi. Kakannin uba ba su taɓa shiga jirgin bayi ba, 'yan sarautar Wakanda ne. Dangin uwa yake nufi. Matar nan Ba'amurkiya, wadda ta haife shi, wadda ta ɓangarenta ya gaji dukan tarihin da yake yaƙi dominsa, ba a nuna fuskarta ba, ba a kuma ambaci sunanta ba a fim na sama da awa biyu da ya ba wa ubanni damar yin magana daga kabari ko gaban karaga.